Daga Damagaram zuwa Akara: yadda aka yi wa ƴata aikin ƙashin baya

Tun da muka dawo da yarinyar nan gida daga aikin gyaran lanƙwasar ƙashin baya, ba a daɗewa sai an turo mini wani uba ko wata uwa, a ce musu su je wajen Mushe, tasa an yi mata. Daga Mirriya ake zuwa, daga Magariya, daga Matamaye, har daga Tanut. Tambayoyin kuma ba su sake zani: ina aka fara, nawa aka kashe, tana tafiya kuwa, ƙarfen yana nan a jikinta? Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan. Ni ba likita ba ne, malamin lissafi ne a koleji, kuma abin da ya faru da mu ne kawai zan faɗa, tare da abin da likitoci suka yi mini bayani har na gane.

Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Uwata nake ce mata. Cikin azumin 2021, tana da shekara 12, uwarta ta kai ɗinkin salla wajen wata tela a Zango. Riga ta zo, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Aka mayar, aka gyara, ta sake zuwa haka. Telar ta ce, "Yaya, wallahi ba ɗinkina ba ne, tsayar da ita ki dubi kafaɗunta." Da dare uwarta ta shiga da ita ɗaki ta sa ta tuɓe riga, sannan ta kira ni. Kafaɗar dama ta fi ta hagu tashi, allon kafaɗar ya turo waje, ƙugun hagu ya lotsa ciki fiye da na dama. Da aka ce ta duƙa kamar mai ruku'u ta saki hannuwa, sai haƙarƙarin dama ya taso ya yi tudu, na hagu ya kwanta. Na tambaye ta, "Uwata, yana miki ciwo?" Ta ce, "A'a Baba, ko kaɗan." Rashin ciwon nan shi ke ɓoye abin. Yarinya daga shekara goma ta fara wanka ita kaɗai, ta sa hijabi har gwiwa, ba mai sake ganin bayanta. Da ba don tela ba, Allah kaɗai ya san lokacin da za mu lura.

Washegari kowa ya zama likita a gidan. Wannan ya ce jakar lakwal ce mai nauyi, wancan ya ce ɗaukar jarkar ruwa ce, wata ta ce goyon ƙanne ne, wata ta yi ƙasa da murya ta ce a nemi tsari, akwai hannu a ciki. Hajiyata ta ce a kai ta wajen maɗori, ba a yi mata musu, aka kai. Dattijon ya shafa man shanu, ya danna, ya ɗaure ta da tsinken kara da ƙyalle, ya ce a dawo. Maɗori ya san karaya da targaɗe, ba na raina shi, amma nan ba abin da ya karye balle a ɗora. Rubutu kuwa ta sha, addu'a ba mu taɓa ajiyewa ba har yau. Bayan salla na kai ta likitar unguwarmu. Manjo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya yi tambayoyin da daga baya na gane muhimmancinsu: tana tari, tana zufa da dare, tana ramewa, zazzaɓi yana yawan kama ta, akwai mai tarin fuka a gida? Ashe tarin fuka yana cin ƙashin baya, shi ke kawo ƙusumbin nan mai tsini da muke gani a kasuwa, kuma maganinsa daban ne, ƙwayoyi ne na watanni. Da ya ga ba ko ɗaya, sai ya ce a yi radiyo, wato hoton ƙashi. Na je wani kilinik na kuɗi don gudun layi. Suka kwantar da ita a tebur, suka ɗauki ɗan ƙaramin hoto daga wuya zuwa tsakiyar baya, suka ba ni takarda mai layi biyu da ke cewa ƙashin ya karkace. Abin da muka riga muka gani da idonmu ke nan. Kuɗin nan sun tafi a banza, domin babu likitan da ya yi amfani da hoton.

A Babban Asibitin Ƙasa na Zinder aka fara yi mana magana mai kan gado. Sai a yi sammako, a yanki tikiti a gishe, a nemi ɓangaren ƙashi, a zauna a benci tare da masu karayar kabu-kabu, su ne suka fi yawa. Mun kai bayan azahar kafin a kira mu. Likitan ya sa ta duƙa, ya dube ta ta baya, ya auna tsawon ƙafafu, ya buga mata ɗan guduma a gwiwa, ya sa ta tafi a kan yatsu da kan dunduniya. Sannan ya rubuta radiyo, ya ja layi ƙarƙashin kalma biyu: a tsaye, kuma ƙashin bayan gaba ɗaya, daga wuya har ƙugu, ta baya da ta gefe. Ya ce in an kwanta nauyin jiki yana sauka, lanƙwasar ta ragu, hoton ya yi ƙarya. Mai ɗaukar hoton ya yi shi a fim biyu aka haɗa. Tikiti da hotunan duka ba su wuce ƴan jakunkuna ba, su ne kuma kuɗin da suka fi kowane amfani a tafiyar nan. Da muka koma, likitan ya manna fim ɗin a allon haske, ya ɗauki fensir da rula, ya nemo gaɓar da ta fi karkata a saman lanƙwasar ya ja layi, ya nemo ta ƙasa ya ja layi, ya sa ma'aunin kusurwa irin wanda nake koya wa ƴan aji shida. Ya ce, "Mushe, wannan fanninka ne, karanta." Na karanta: digiri 38. Ya ce sunan ciwon sikoliyos, lambar kuma kusurwar Cobb ake ce mata, kuma daga yau duk inda na je ita za a fara tambayata.

Bayanin da ya yi mini a ranar shi nake maimaita wa kowa. Ƙashin ba gefe kawai yake lanƙwashewa ba, murɗewa yake kamar an matse wanki, yana jan haƙarƙari tare da shi, shi ya sa tudun ke fitowa. Cikin goma, wajen takwas ba a san musabbabinsu ba, ba jaka ba ce, ba jarka ba ce, ba goyo ba ne, kuma ƴan mata ne ya fi tsananta a kansu. Daga 10 ake kiransa ciwo. Ƙasa da 25 ana sa ido ne kawai, ana sake hoto lokaci-lokaci. Daga 25 zuwa wajen 40 ko 45, in yaro yana kan girma, ana sa masa korse, wato rigar roba mai tauri da ke riƙe bayan. In ya haura 45 zuwa 50, maganar aiki ta taso. Amma lambar ita kaɗai ba ta isa ba, sai an san saura girma nawa. Ya nuna mini saman ƙashin ƙugu a hoton, ya ce akwai alamar da ake karantawa nan, Risser, daga 0 zuwa 5, tata 0 ce, ke nan akwai sauran girma mai yawa a gabanta. Ya juya wajen uwarta ya tambaya a hankali ko ta fara al'ada. Ba ta fara ba. Ya yi shiru kaɗan, ya ce wannan ita ce irin wadda ke gudu, domin lanƙwasar tana bin tsawo ne, lokacin da yarinya ke zuƙewa lokacin take ƙaruwa.

Korsen a Yamai aka yi shi, wajen masu haɗa ƙafar roba. Hanyar kusan kilomita 900 ce, ta Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, a tashi kafin asuba a isa da dare. Suka naɗe ta da filasta daga hammata zuwa ƙugu, suka yanke shi, suka zuba roba mai tauri a kan siffar. Sai an jira a gama, a gwada, a goge inda yake ci. Da kuɗin mota da na zama, ya lashe fiye da albashin wata. An ce ta sa shi awa 18 ko fiye a yini. Abin yana aiki, ba tatsuniya ba ce: wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka sa shi ba su kai matakin aiki ba, waɗanda aka sa wa ido kawai kuwa kashi 48, kuma yawan awannin sawa shi ke kawo bambanci. Da sanyi ta jure. Amma wanda bai ga yarinya cikin rigar roba a watan Afrilu a Damagaram ba, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke, kada ya yi saurin cewa gardama gare ta. Ƙurajen zufa suka feso mata, ƙugu ya saɓule. Uwarta ta ɗinka mata singileti na auduga marasa ɗinki a gefe, ana canzawa sau da yawa a yini, ya ɗan taimaka. A lakwal wasu yara suka gano, suna ƙwanƙwasa mata baya suna gudu. Wata rana na same ta ta cire ta tura ƙarƙashin gado, na buɗe baki zan yi faɗa, ta ce, "Baba, ka sa shi minti goma ka ji." Ban ce komai ba.

Ta yi tsawo sosai a wannan shekarar. Hoton da aka yi da damina ta 2022 ya ba da 52. Likitanmu bai yi kwana-kwana ba, ya ce korse ya gama nasa. Na tambaye shi abin da kowane uba zai tambaya: in aka bar ta fa, tunda ba ta ciwo? Ya ce lanƙwasa ƙasa da 30 takan tsaya in girma ya ƙare, amma wadda ta haura 50 takan ci gaba har cikin manyanta, wajen digiri ɗaya a shekara, in ta yi nisa sosai ta matse huhu, numfashi ya yi wuya, aikin kuma ya fi tsada da haɗari. Ba aikin gaggawa ba ne na gobe da safe, amma ba na a bari sai ta yi aure ba. Sai ya ba ni shawarar da ta fi kowace: duk wanda ya ce zai yi, a tambaye shi irin wannan aikin nawa yake yi a shekara, yana da na'urar da ke sa ido a kan laka yayin aikin, yana da jini a ajiye, yana da ɗakin kulawa ta musamman na yara. In ɗaya ta faɗi, a ɗauki takalmi. Mutanenmu suna zuwa Tunis, Maroko, Turkiyya, Indiya, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano nan kusa da mu. Na bi kowanne da tambaya. A ƙarshe hankalina ya kwanta da asibitin FOCOS da ke Pantang a gefen Akara, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya kafa aka buɗe a 2012, bayan ya yi shekaru yana shugabantar ɓangaren wannan ciwon a wani babban asibitin ƙashi a New York. Ƙashin baya shi ne sana'arsu. Dalili na biyu kuwa, ƙanen uwarta yana kasuwanci a Madina, ba nisa da wurin.

Kafin su ce uffan sai sun ga takardu. Muka sake komawa Yamai don IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu da ke nuna har laka, na ƙashin bayan duka, domin a tabbatar ba wata matsala a cikin laka da ke haddasa lanƙwasar, irin ruwa a cikinta ko ɗaurewa daga ƙasa. Wannan kaɗai ya haura jaka ɗari, kuma a roƙi faifan CD, kada a karɓi takardar bayani kawai. Aka yi gwajin huhu, ta hura cikin wani bututu iya ƙarfinta. Aka yi gwajin jini, rukuninsa da yawansa, da gwajin emasi, wato sikila, wanda a ƙasarmu ba a tsallake shi kafin babban aiki. Jininta ya ɗan yi ƙasa, aka sa ta kan ƙwayar ƙarin jini, uwarta ta ƙara da hanta da zogale. Takardunmu duka da Faransanci suke, can kuma Turancin Ingilishi suke yi, sai da na kai wa mai fassara mai hatimi. Na tura komai. Amsa ta zo da takardar ƙiyasi cikin dalar Amurka, layi-layi: kwanciya, ɗakin aiki, maganin barci, sai ƙarafa, waɗanda su ne kaso mai tsoka, domin yawan gaɓoɓin da za a haɗa shi ke nuna yawan kusoshi. Jimillar ta fi albashina na shekara biyu a haɗe, ban da jirgi da zama.

Na kai takardun neman gwamnati ta fitar da ita waje. Wanda ya karɓa ya faɗa mini gaskiya tsakani da Allah, ya ce layin yana da tsawo, masu ciwon zuciya da ciwon daji suna gaba, in ina da wata hanya kada in zauna jira. Na gode masa. Muka sayar da filin da na saya don gini a hanyar Tanut, uwarta ta sayar da sarƙarta ta ɗauki adashe biyu, yayana ya kai shanu kasuwa, abokan aiki suka yi karo-karo, limamin unguwa ya yi magana bayan Juma'a. Wani ɗan kasuwa a kasuwar Dole da ban taɓa zama da shi ba ya aiko da ambulan, ya ce kada a ambaci sunansa. Muna cikin tarawa, a watan Satumba na 2022 dalar Amurka ta zarce yuro, sefa kuma da yuro take ɗaure, sai abin da muka tara ya ragu yana zaune a akwati. Wanda zai tara irin wannan kuɗi ya ɗora wani abu a kan ƙiyasin tun farko.

Takardun tafiya su ma sun ci lokaci, kuma kowace tana jiran ƴar'uwarta. Takardar haihuwa tukuna, da ita ake neman takardar zama ɗan ƙasa a kotu, da su biyun ake neman fasfo a Yamai. Sai katin allurar shawara, wanda Gana ba ta wasa da shi, kuma sai ta kwana goma kafin ta fara aiki. In uba ko uwa ɗaya ne zai tafi da yaro, a yi takardar izinin ɗayan da hatimi. Mu mun tafi mu biyu, muka bar ƙannenta wajen Hajiya. Ranar tafiya Hajiya ta riƙe hannun takwararta ta ƙi saki, ta ce da ni, "Kai, in ka san yanka ta za su yi su bar ta a kujera, ka bar mini ita haka." Ba ni da amsar da zan ba ta, sai na ce ta sa mu a addu'a.

A farkon 2023 muka tashi daga Yamai, jirgin ya bi ta Lome. Kawunta ya tarbe mu ya sauke mu a Madina. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin yadda Hausa ke tafiya a zangunan Akara, a kasuwa, a masallaci, har cikin ma'aikatan jinya mun samu mai ji. Abin da ya fara dukan zuciyata a asibitin shi ne yaran da aka ɗaura wa zoben ƙarfe a kai, da kusoshi cikin ƙoƙon kai, igiya ta tashi sama ta bi ta kan ƙarfe, nauyi yana rataye a baya, suna tura kekensu suna dariya. Uwata ta ƙanƙame uwarta. Aka yi mana bayani cewa waɗannan lanƙwasarsu ta yi nisa, wasu ta haura 100, ta sandare, sai an yi makonni ko watanni ana ja a hankali kafin a taɓa su da wuƙa. Yawancinsu an makara ne da kawo su. Ita ba ta buƙatar wannan. Aka sake hoto, ta kai 61. Aka yi wasu hotunan tana lanƙwasa dama da hagu, don a ga yadda ƙashin ke da laushi. Aka nemi a ba da jini, kawunta ya zo da samarin zango, suka ba da ba tare da sun san mu ba.

Ana gobe aiki likitan ya zaunar da mu da siffar ƙashin baya ta roba a hannunsa. Gaɓoɓin ƙirji 12 ne, na ƙugu 5. Za a tsaga ta baya, a ɗaura kusoshi a gaɓoɓin daga ta huɗu ta ƙirji zuwa ta farko ta ƙugu, a sa sanduna biyu na ƙarfe, a juyo da ƙashin a hankali, sannan a kankare bayan gaɓoɓin a zuba garin ƙashi don su manne su zama ɗaya. Ƙarfen riƙo ne kawai kafin ƙashin ya haɗe, haɗewar ita ce ainihin aikin. Wurin da aka haɗa ba zai sake lanƙwasuwa ba, shi ya sa suke ƙoƙarin barin gaɓoɓin ƙugu na ƙasa, domin nan ne yawancin duƙawa take. Ya ce ba za ta miƙe sak ba, ba ma shi ake nema ba, ana neman a tsayar da ciwon, kai ya zauna daidai kan ƙugu. Sannan ya lissafa haɗurra bai rage ko ɗaya ba: zubar jini, ƙwayar cuta a ciwon, ƙashi ya ƙi haɗewa, kusa ta goce, da wanda Hajiya ke tsoro, taɓuwar laka, wanda ya ce a irin nata bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ni da nake koyar da lissafi na san ɗaya cikin ɗari kaɗan ne, amma hannuna sai da ya yi rawa wajen sa hannu.

Da sassafe aka shiga da ita ba ta ci komai ba. Muka zauna a waje, uwarta da carbi, ni ina kai da kawo. Azahar ta wuce. Can wajen la'asar aka kira mu. Tana kwance fuskarta ta kumbura saboda daɗewar da ta yi a kife, ga robar fitsari, ga wata roba tana fitar da jini daga bayan, ga ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta yaye mayafi daga ƙafafunta ta ce ta motsa yatsu. Na ga babban yatsan dama ya ɗaga, sannan na hagu, sannan sauran suka bi. Uwarta ta zube a ƙasa ta yi sujada a wurin. Kwanakin farko akwai wuya, kada a ɓoye wa kowa. Ciwo mai tsanani, amai, ciki ya kumbura ya ƙi fita bayan gida saboda maganin ciwon. Ana juya ta gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare, ba a bari ta murɗa. Aka ba ta wata ƴar na'ura mai ƙwallaye tana zuƙa don huhu ya buɗe. Abin da ban zata ba, washegari suka zaunar da ita a bakin gado, kashegarinsa ta tsaya, ta yi taku tana kuka tana cewa ji take kamar za ta faɗi gefe, domin jikinta bai saba da sabuwar tsayuwar ba. Da ta tsaya kusa da uwarta sai muka ga ta kamo ta a tsawo. Hoton bayan aiki ya nuna lanƙwasar ta dawo wajen 20. Tudun haƙarƙarin ya ragu sosai amma bai ɓace ba. Wajen mako guda aka sallame mu, muka ci gaba da zama a Madina har ciwon ya kame aka duba shi aka ba mu izinin tafiya, tare da takardar bayanin aikin da hotunan.

Daga Yamai ba mu shiga bas ba. Mun huta, sannan muka ɗauki ƙaramar mota, aka kwantar mata da kujerar gaba da matasai, muna tsayawa tana sauka tana ɗan takawa, muka kwana a hanya. Mun iso gida kafin azumi. A gida ne ƙananan abubuwan da ba wanda ya gaya mana suka taso. Masai na tsuguno bai yi ba, sai da kafinta ya yi mata kujera mai rami. Tabarma da katifar ƙasa ba su yi ba, aka ɗora ta a gado mai ɗan tsawo. Salla a zaune ta yi ta a kujera da farko, daga baya ta koyi ruku'u da sujada daga ƙugu, bayan a miƙe. An hana ta duƙawa da murɗawa da ɗaukar nauyi na watanni, ke nan ba daka, ba jan guga, ba shara da gajeriyar tsintsiya, ba goyo. Kabu-kabu na haramta shi gaba ɗaya. Lakwal ta koma bayan kamar wata ɗaya da rabi, ƙanenta yana riƙe mata jaka. Gefen tabon ya daɗe ba ta jin taɓi sosai, an ce mana haka yake, ya kuma ragu. An gargaɗe mu cewa in ciwon ya fara ruwa, ko ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, kada a ce masassarar sauro ce kawai a sayo ƙwaya, a kai ta likita ya buɗe bandejin ya gani.

Ya kamata mu koma Akara a duba ta, sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo, iyakoki suka rufe, jirage suka tsaya na wani lokaci. Nan amfanin likitanmu na gida ya ƙara fitowa. Shi ya ci gaba da yin hoton a tsaye, yana aunawa, ni kuma ina ɗaukar fim ɗin da salula ina turawa can ta WhatsApp. Ga dabara ga mai yin haka: a manna fim a allon haske ko farin gilashin kwamfuta, a kashe fitilar ɗaki, kada a kunna filas, a tura shi a matsayin takarda don kada ya dushe. Bayan shekara aka ce ƙashin ya haɗe, aka sake mata mara. Wanda zai tafi yanzu ya sake tambayar hanya da takardu, domin Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, yadda muka bi ba lalle ya zama yadda za a bi ba.

Masu zuwa wajena kusan duka sukan fara da tambayar kuɗi da jirgi, ni kuma nakan mayar da su baya: lamba nawa ce, a tsaye aka ɗauka, yarinyar ta fara al'ada? Da yawa ba su da amsa, ga shi sun riga sun kashe dukiya a yawo. Wasu da suka je suka auna sai ta zama 20 ko ƙasa, ba sa buƙatar komai sai sa ido. A ajiye kowane fim a cikin kwali, a kwance, nesa da rana, a rubuta kwanan wata da lambar a gefe, domin hoto biyu da aka jera sun fi hoto ɗaya magana. In yaro ƙarami ne, ɗan ƙasa da shekara goma, ko yana ciwo mai hana barci, ko ƙafa tana sanyi, ko fitsari yana kufce masa, wannan wani babi ne daban, kada a jira. Ƙanana ba a cika haɗe musu ƙashi da wuri ba don kada a tsayar da girman ƙirji, akwai sandunan da ake ƙara wa tsawo suna girma. Ciwon yana bin dangi, saboda haka ƙannenta duka uwarsu tana sa su duƙa tana dubawa duk lokacin ɗinkin salla.

Tambayar da mata ke yi wa uwarta a ɓoye kuwa, ko za ta iya aure da haihuwa, mun yi wa likitan ita tun kafin aiki. Ya ce aikin bai hana ɗaukar ciki ba, bai hana haihuwa ba, sai dai duk ranar da za a yi mata allurar baya ta gaya wa mai allurar inda ƙarfen ya tsaya, shi ya sa takardar bayanin aikin take cikin akwatin uwarta tare da takardar haihuwarta. Ƙarfen ba ya tsatsa, ba ya jan tsawa kamar yadda wata maƙwabciya ta rantse, kuma ba a cire shi sai in ya kawo matsala.